Ƙidayar Taku a Valparaíso

Na sauka ran Litinin, teku na huci ƙarƙashin gari,
na'urori arba'in a jakata,
kowacce ba ta fi akwatin ashana ba,
aikinta ɗaya: ta ƙirga taku, ta yi shiru.

Tambayar da jami'a ta ɗoro mini gajera ce:
yaran kan tudu suna motsa jiki kuwa?
Filin makarantarsu tafin hannu ne.
Ƙwallo in ta tsallake katanga
sai ta gangara har tashar jiragen ruwa,
ba mai bin ta, an yafe wa teku.

Eliodoro, malamin wasanni,
usur a wuya, gwiwar hagu ta daina jin maganarsa,
ya dube ni, ya dubi takarduna:
"'Yar Santiago, kin zo awon ruwa da kwando."
Na yi murmushin wadda ta sha karatu,
na ɗaura wa kowa tasa a ƙugu.

Kwana uku ina zaune gindin bango
ina jan layi, ina cike gurbi:
wannan mai gudu, wannan mai tsalle,
wannan kuwa, Rayén, aji biyar,
da an kaɗa ƙararrawa sai ta nemi inuwa,
ta jingina kai, ta lumshe ido.
Na rubuta gaban sunanta: ba ta motsi.
Alƙalamina ko gezau bai yi ba.

Ran Juma'a na'urori suka yi magana.
Nibaldo, taku dubu sittin rana guda!
Na kusa buga waya in yi albishir,
sai ga karensu ya shigo fili,
na'urata na lilo a wuyansa.
Ajin ya fashe, ni ma na dara.

Amma ta Rayén ba kare a ciki.
Tun kafin shida lambobi ke hawa,
su tsaya cak lokacin makaranta,
su sake tashi har bayan faɗuwar rana.
Na ce ko ta lalace. Na nemi izini, na bi ta gida.

Matakala ɗari biyu da sha huɗu.
Ta sauka sayen burodi, ta hau.
Ta sauka da ƙaninta a kafaɗa, ta hau.
Ta sauka karɓo maganin kaka, ta hau tana waƙe-waƙe.
Ni a ta casa'in na riƙe ƙarfe,
ƙirjina kamar zugazugi,
ni da na zo koya wa mutane numfashi.

Kakar, Hortensia, ta zuba mini shayi ba sukari.
"Wannan ja'irar ta ɓoye gwangwanin,
wai a aji an zana musu jini da zaƙi a allo.
Likita kuma ya ce in riƙa tattaki.
Shekara saba'in ina hawa tudun nan,
wa ya taɓa ƙirga mini?"
Ta miƙo ƙugu. Na ɗaura mata tawa.

Da dare na buɗe takardar rahoto.
Akwai gidan wasa, akwai gidan zama,
babu gidan aike, babu na goyo,
babu na yarinyar da hutunta kenan
minti goma sha biyar a inuwar bango.
Na goge abin da na rubuta
har takardar ta huje.

Eliodoro bai ce "na faɗa miki" ba.
Fenti ya samo, shuɗi, ragowar na kwalekwale,
shi da yara suka bi matakala suna sa lamba,
yana ɗingishi, suna masa lissafi.

Na koma da na'ura talatin da tara.
Ɗayar, in ji Nibaldo, karen ya gudu da ita.
Tana can wani lungu tana ƙirge,
ba wanda zai karanta.